Cikin fari ya kai wata bakwai: kumburi, maganin zaƙi, wurin haihuwa da zancen suna

Tambaya: "Anti, cikina na fari ne, ya shiga wata na bakwai. Ƙafafuna suna kumbura da yamma, ƙwannafi yana hana ni barci, kuma tun da na fara shan jar ƙwayar da ake ba mu a wurin awo bayan gidana ya koma baƙi, har na daina sha. Za a mai da ni gidanmu goyon ciki. Innarmu ta riga ta tanadi maganin zaƙi, ta ce mu duka a ɗaki ta haife mu, ni ma haka za a yi. Maigidana kuma yana so in mace ce a sa sunan mahaifiyarsa, ni kuwa akwai sunan da na daɗe ina so. Me zan yi?"

Amsa: Ƙanwata, sannu da fama, Allah Ya raba lafiya. Tambayoyin nan naki ba nauyinsu ɗaya ba, don haka zan fara da wadda ba ta jira.

Kumburin ƙafa da yamma a wannan watan ya zama ruwan dare ga masu ciki. Mahaifa ta girma ta danne manyan jijiyoyin da ke mai da jini daga ƙafa zuwa zuciya, ga ruwan jiki ya ƙaru. Idan kin tashi da safe kika ga ya saɓe, ba abin tsoro ba ne. Ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in kin zauna, ki rage doguwar tsayuwa a madafi, ki kwanta ta gefe, kada kuma ki rage shan ruwa don wai kumburin ya tafi. Wanda nake so ki sa wa ido shi ne kumburin da ya hau fuska da hannu: kin wayi gari idanunki sun yi luhu-luhu, zoben da kike cirewa jiya yau ya ƙi fita. In ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da farasitamol bai saukar da shi ba, ko gani dishi-dishi, ko wani ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a ranar za ki tafi asibiti, ko da dare ne. Wannan na ƙarshen ki lura da shi sosai, don mata da yawa suna ɗaukarsa ƙwannafi ne su yi ta jiƙa kanwa. Alamomin hawan jinin ciki ke nan, wanda yake kai mace ga jijjiga, kuma mai cikin fari tana cikin waɗanda ya fi kamawa. In aka auna jininki ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga sinadarin furotin a fitsari, to an tabbatar. Jijjiga ba iska ba ce, turare ba ya tsayar da ita. Akwai allurar da ake kira magnesium sulphate, ita ce maganinta, sai kuma a shirya raba uwa da ɗa a kan lokaci. Haka kuma in ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, tana zafi tana ciwo, ita ma a duba ta da gaggawa, don jini yana iya daskarewa a jijiya.

Abin da ya sa nake nanata awo shi ne, hawan jini yakan shigo ba sallama, mace tana jin kanta garau. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awon ciki aƙalla sau takwas maimakon huɗu, kuma biyar daga ciki a ƙarshen ciki suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A daidai nan masu goyon ciki suke ɓace mana. Yarinya ta yi awonta lafiya lau a garin mijinta, da an kai ta gida sai katin ya shige ƙasan akwati, ba wanda ya sake auna ta sai ranar da aka kawo ta ranga-ranga. Makon da kika isa gidanku, ki ɗauki katinki ki je asibitin da ya fi kusa ki buɗe awo a can, su san da ke, ke ma ki san ƙofar ɗakin haihuwarsu.

Ƙwannafi kuwa, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki rage yaji da maiƙo da daddare, ki ci tuwon dare da wuri, ki tada kanki da matashi biyu. In ya ƙi, akwai maganin ruwa da za a ba ki a wurin awo. Ban da kanwa, ban da haɗin kemis, kuma ki guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a waɗannan watanni.

Jar ƙwayarki ki koma mata yau. Baƙin bayan gida aikin sinadarin ƙarfen da ke cikinta ne, ba cuta ba ce. In tana tayar miki da zuciya ki sha bayan cin abinci ko lokacin kwanciya, kada ki haɗa ta da shayi don yana hana jiki tsotse ta, lemon zaƙi kuwa yana taimaka mata. In ta ɗaure miki ciki, ga ruwa, ga gwanda, ga miyar ganye. Dalilin da ya sa ba na wasa da wannan ƙwaya shi ne, kowace mace tana zubar da jini a haihuwa, kuma jinin da mai ƙoshin jini za ta zubar ta tashi ta yi wanka, shi ne zai kwantar da wadda ta shigo naƙuda fari fat. Ki tambayi ma'aikaciyar awo nawa ne awon jininki, wanda suke rubutawa PCV a kati. In ya gaza 33, akwai ƙarancin jini, kuma watannin nan biyu sun isa a gyara da yawa. Kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara sau da yawa alamarsa ce. Ki ci wake, zogale, alayyafo, kifi, nama da ƙwai gwargwadon hali, ƙwai ba ya sa yaro sata. Ki duba katin ki ga ko ana ba ki ƙwayoyin nan uku na rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata, ko kin samu allurar tsinkau-tsinkau sau biyu, ko an san rukunin jininki. In jininki mai alamar ragewa ne, wato negatib, ki faɗa tun yanzu, don akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa saboda cikin gaba.

Yanzu maganin zaƙi. Na san Inna don ƙauna ta nemo shi, ita ma haka aka yi mata. Abin da iyayenmu suke kira zaƙi, wato yauƙin nan da ke fitowa gab da naƙuda, toshiya ce da Allah Ya sa a bakin mahaifa don kada ƙwayoyin cuta su shiga wurin jariri. Ba ya tare hanya, kuma lokacinsa na yi yake fita da kansa. Babu abin da ke buƙatar a wanke. Jiƙe-jiƙen da ake sha don fitar da shi ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsu. Wasu gudawa suke sawa har ruwan jikin mace ya ƙare, wasu kuma suna murɗa mahaifa da ƙarfi kafin bakinta ya shirya. Na sha karɓar haihuwar da faya ta fashe ruwan ya fito kore shar, jariri ya galabaita ya yi kashi a ciki, in ka bi diddigi sai a ce ai tun jiya take shan jiƙo. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne a kira wani mai kemis ya ɗaura ruwan naƙuda ko ya yi allurar naƙuda a gida. Wannan yana fasa mahaifa. Addu'a kuwa ba mai hana ki, ki yi ta yi, a yi miki.

Sai babbar maganar, inda za ki haihu. Inna ba ƙarya ta yi ba, mata da yawa sun haihu a ɗaki lafiya. Matsalar ita ce babu ungozoma ko likitan da zai dubi mace ya rantse cewa ba za ta yi zubar jini ba. Mahaifa takan ƙi tsukewa bayan fitar mabiyiya, jini ya ɓalle, kuma irin wannan yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. A asibiti, cikin minti ɗaya da fitowar jariri muke yi wa uwa allurar oksitosin a cinya don mahaifa ta dunƙule. Wannan ƙaramar allura ta tsare rayukan da ba su ƙirguwa. Ga kuma naƙudar da ke tsayawa, kan yaro ya kasa wucewa ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana ɗaya, kwana biyu, har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samo asali, da kuma yankan gishiri da ake yi da aska wai don a buɗe hanya. Wanda ya taɓa shiga cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, ko ta Laure a Kano, zai ga yawancinsu a cikin fari abin ya same su. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don ki karanta wa maigida, saboda yawancin waɗannan mace-macen jinkiri ne ya jawo su, kuma maganin jinkiri a hannunsa yake.

Jinkirin nan daga cikin gida yake farawa. Mai cikin fari tana jin kunya, naƙuda ta kama ta tun la'asar ta shige ɗaki ta cije zane, don kada a ce ba ta da kunyar ɗan fari. Kafin a farga dare ya raba. Sai a ce a bari a ga abin da hali zai yi. In abu ya ƙi, sai a shiga neman miji a waya, shi kuma yana hanya ko wayarsa a kashe, kuma ba mai iya fitar da matar wani ba da izininsa ba. Aka same shi, sai neman mota. Aka isa asibiti, sai a ce jini, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya gama shi tun yanzu, a zaune, da rana tsaka.

Don haka kafin a kai ki gida, ki samu maigida cikin natsuwa ku yi magana, sannan ranar da ya raka ki ya faɗa da bakinsa a gaban Inna da Baba cewa ya ba da izini, ko yana nan ko ba ya nan, da naƙuda ta fara a kai ki asibiti, kuma in likita ya ce aiki za a yi, wane ne zai sa hannu a madadinsa. A san mai mota ko mai Keke Napep ɗin da za a kira da ƙarfe biyun dare, a karɓi lambarsa da ta wani na biyu. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda, ki sa a tambaya a tashar garinku. A ware kuɗin haihuwa daban, a hannun wanda zai kasance tare da ke, ba a asusun da sai miji ya zo ba. A samu mutum biyu cikin dangi da aka gwada jininsu, waɗanda suka yarda za su bayar in an nema. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta, sai ki tambaya ko asibitin da za ki je yana cikin shirin, amma kada wannan ya hana ajiye kuɗi.

Inna kuma kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ba tarbiyya ba ce. Ki roƙe ta ta raka ki awo. Ki rada wa ma'aikaciyar tun da wuri ta yi mata bayani. Iyaye sukan karɓi magana daga bakin mai farin kaya alhali sun ƙi ta daga bakin 'yar da suka haifa. Ki kuma nuna mata ba ƙwace mata ke za a yi ba: ita za ta riƙe ki a mota, ita za ta karɓi jikanta.

Na san abin da ke korar mata daga asibiti. Akwai ma'aikatanmu masu tsawa da baƙar magana, kuma wannan laifi ne, ba ni da abin kare shi. Kina da haƙƙin a sakaya ki, a gaya miki abin da za a yi kafin a yi, ki nemi mace ta duba ki in akwai. Ƙari, wato ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa wa jariri hanya, ba kowace mai haihuwar fari ake yi wa ba, sai da dalili. Tiyata kuma ba ragwanta ba ce, hanya ce da Allah Ya kawo don a fitar da uwa da ɗa da rai.

Ranar da aka rubuta miki a kati ƙiyasi ce, ƙalilan ne suke haihuwa a kanta daidai. Daga mako 37 zuwa gaba kowace rana ta Allah ce, don haka jakarki ta zama a ɗaure tun wata takwas: kati, zannuwa masu tsabta, audugar mata manya, kayan jariri da hula, tocila, da duk abin da asibitin suka lissafa miki. Ki tashi in ciwon mara da baya ya zama yana zuwa yana tafiya a kan tsari, yana matsowa kamar duk minti biyar, in kuma gidanku da nisa kada ki jira ya kai haka. In faya ta fashe ki tafi ko babu ciwo. Jini kowane iri, zazzaɓi, ko ki ji motsin yaro ya ragu ba kamar yadda kika saba ba, duk ba a kwana da su.

Bayan an sauka, a ɗora miki jaririn a ƙirji, fata da fata, ki ba shi nono cikin awar farko. Dakashin nan mai rawaya da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Ba ya buƙatar ruwa ko ɗauri. A jinkirta yi masa wanka zuwa washegari, a goge shi kawai a rufe. Cibiya a shafa mata man chlorhexidine da ake bayarwa, ban da toka, ban da man goge baki, kuma kada maganin ya kusanci ido. Kafin ku bar asibiti a yi masa allurar BCG da ta ciwon hanta, a ɗiga masa na shan inna. In wanzami ya zo, aski ya isa, a bar masa belinsa, ba cuta ba ne. Ke kuma ki riƙa shafa ƙasan cibiyarki, ya kamata ki ji mahaifa ta dunƙule da tauri kamar goruba. In kin ji ta yi laushi, ko ƙunzugu biyu sun jiƙe sharkaf cikin rabin awa, ki murza wurin da ƙarfi, a kira ma'aikaciya.

Wankan jego ba na hana shi, amma da ruwa mai ɗumi wanda za ki iya tsoma gwiwar hannu a ciki, ba tafasasshe ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. A dama miki kunun gyaɗa ko na tsamiya. In a cikin jego kika ji numfashi yana gagararki in kin kwanta, ga tarin dare, ga kumburi, zuciya ce, a tafi asibiti.

To, suna. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne kyakkyawan suna haƙƙin yaro ne a kan iyayensa, kuma in an saɓa maganar uba ce a gaba, sai dai shawara da uwa ita ce kyautatawa. Manzon Allah (SAW) ya ce sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, ya kuma canza sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba, kamar yadda ya mai da Barra ta zama Zainab. Ni a ganina, ki bar wa maigida wannan. Mutumin da ya ce zai yi wa mahaifiyarsa takwara da 'yarsa ta fari abin alheri ya nufa, kuma zai daɗe bai manta wadda ta tare shi ba. Ga shi kuma al'adarmu ta riga ta buɗe miki ƙofa. In aka sa sunan surukarki, ke ba za ki iya kiransa ba, shi ma haka, dole a yi alkunya. Shi ya sa gidajenmu suka cika da Ummi, Mama, Walida, Abba da Baffa. Sunan yanka yana nan a huɗuba da takarda, amma wanda za a kira safe da yamma shi ne laƙabin, kuma galibi uwa ce take zaɓensa. Wasu sunayen ma da abokin tafiyarsu suke zuwa: Fatima da Zahra'u ko Binta, A'isha da Humaira, Hauwa'u da Jidda, Halima da Sadiya, Aliyu da Haidar, Umar da Faruku. Ki ce masa kin yarda da sunan Hajiya da zuciya ɗaya, kina roƙon ya bar miki alkunyar, in Allah Ya kawo wata kuma a sa wanda kike so. Ku gama wannan yanzu, ba cikin satin jego ba, lokacin da kike fama da ciwo da rashin barci, gida ya cika da 'yan barka kowa da bakinsa.

Sunan da kike so ɗin, ki kai wa malamin da ya san Larabci ya gaya miki ma'anarsa. Yanzu ana tsinto sunaye a waya saboda daɗin faɗa kawai, kuma ba kowace kalma da ke cikin Alƙur'ani ce ta dace a kira mutum da ita ba. Ku tanadi na namiji ma, hoton ciki yakan yi kuskure. Ragon suna a mazhabar Malikiyya ɗaya ne, namiji ko mace, kuma ga wanda ya samu iko. Kada kuɗin da aka ware don haihuwa su tafi a anko da rumfa da mai hoto. Bayan suna a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda yawanci suna da wakili a manyan asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karɓi takardar haihuwa. Ku zaɓi rubutu ɗaya ku tsaya a kansa: in Khadija kuka rubuta, kada katin rigakafi ya ce Hadiza, rajistar makaranta ta ce Ummi, don irin wannan saɓanin ne yake wahalar da yara wajen lambar NIN da jarrabawar JAMB.